Wayona Zai Kori Baba Subhi

Hajiya Nawal, don Allah ki cece ni, wayona ya ja mini.

Ni ke kula da kwamfutoci a wani ofishin fassara a nan Iskandariyya, ƙasar Masar. Muna da masinja, Baba Subhi, shekara ashirin da uku shi ke buɗe ofis. Bakwai na safe zai bi kwamfuta goma sha shida ɗaya bayan ɗaya, ya yi bismillah ya danna, kana ya ɗora shayi. "Injiniyar ƙarya" yake ce mini, amma kullum sai ya rage mini gurasa da wake.

To, kwanan baya na koyi tada kwamfuta daga nesa: ki aika mata ɗan saƙo ta layin sadarwa, ta farka da kanta. Na saita namu ban gaya wa kowa ba. Ranar Juma'a, da yake Juma'a da Asabar ne hutunmu a nan, ina kishingiɗe a gida na danna waya, duk suka tashi. Don murna na hau hira da ƙawata, na manta ban kashe ba. Ranar Lahadi Baba Subhi ya tarar suna ta huci, bawan Allah ya ɗauka shi ya bar su tun Alhamis. Da ƙafarsa ya je wurin manaja, Ustaz Midhat, wai tsufa ya fara taɓa masa kai, gara ya tafi ƙarshen wata kafin ya ƙona wa mutane ofis. Duk a gabana aka yi. In na faɗi gaskiya, Ustaz zai wanke ni tas, kuma zai gane ba a buƙatar mai dannawa. In na yi shiru, tsoho ya tafi. Kunya ta ishe ni wallahi.

Injiniyar Ƙarya, Iskandariyya

'Yata, kin ba ni dariya, amma ba zan raga miki ba. Koyon sabon abu ba laifi ba ne, tsoronki ma yana kan hanya. Shirun ne laifin.

Gobe ki riga kowa zuwa. Baba Subhi za ki fara samu, ba manaja ba. Ki ba shi haƙuri, ki miƙa masa wayar ya tada su da yatsansa. Zai yi miki tsiya, ki shanye. Daga nan ku shiga wurin Ustaz tare, ki ce dabarar ta ranakun hutu ce, in aikin gaggawa ya taso. Ki tuna wa Ustaz cewa kwamfutar da aka zare wa wayar wuta daga bango ba saƙon da zai tada ta, sai hannun mutum.

Ko za a riƙe shi, ban sani ba. Amma in ma tafiyar ce, ya tafi da sanin cewa hankalinsa ƙalau yake. Wannan haƙƙinsa ne, kuma a bakinki yake.

Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya ƙara wa Baba lafiya.

Hajiya Nawal