Gindin Bindigar Kakanku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ni Nu'uman, ɗan Isiyaku Maharbi, na rubuta wannan a ɗakinmu na unguwar Mansur, cikin Makka, a watan Shawwal na 1439. Hankalina ɗaya ne, jikina lafiya, babu wanda ya tilasta ni. Zuwa ga 'ya'yana, Luqman da Minnatullah. Larabci ya fi kama bakinku, amma da Hausa na rubuta, domin maganar ta gidanmu ce. Mahaifiyarku Salwa za ta karanta muku har ku iya da kanku.

Na karɓi shahadata ta jami'a a fannin fiƙihu, iƙamata ta karatu, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, jibi zan tashi zuwa ƙauyenmu a Zamfara. Hanyar da ta rage bayan an sauka daga jirgi hanya ce da ake tare mutane. Mai yiwuwa in dawo in yaga takardar nan. Mai yiwuwa kuma ban dawo ba.

Na ɗaya. Ku zauna a hannun kakanku Sidi Mukhtaru, mahaifin Salwa. Littattafaina naku ne. Sauran abin da na bari a raba yadda Allah ya hukunta.

Na biyu. Ku san yadda yayana, Baffa Zali, ya rasu, daga bakina, kafin ku ji daga bakin masu fushi.

Mahaifina ya bar bindigar farauta mai lasisi, da gindin katako wanda shi ya sassaƙa da hannunsa. Da 'yan fashin daji suka matsa wa ƙauyen, ɗan baffana Abdulganiyyu ya sayo gindin roba mai naɗewa, irin wanda ake sayarwa a kwali da kusoshinsa, don a cire na asali a sa shi. Uku ya sayo. Ya ɗaura ɗaya a tasa, ɗaya a ta wani maƙwabcinmu, ɗaya a ta mahaifina da ke hannun Zali. Ya ce ta fi sauƙin ɓoyewa cikin riga in za a gona. Na yi wa Zali magana a waya cewa hankalina bai kwanta ba. Ya yi dariya ya ce, "Ustazu, riƙe littafinka, ka bar mana ƙarfe. Kai da ko kaza ba ka iya yankawa!" Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji.

Abin da mutum biyu da suke wurin suka shaida mini shi ne: an far musu a gona da la'asar. Zali ya yi harbi ɗaya, gindin ya karye a wurin naɗewa, ƙarfen ya dawo ya doke shi a ido, ya faɗi. Kafin ya tashi 'yan fashin sun iso kansa, suka kashe shi.

Abin da ake faɗa a gida kuma, wanda babu shaida a kansa, shi ne wai Abdulganiyyu da gangan ya sassauta kusa, saboda rigimar fadama da ke tsakaninsu. Yanzu babu mai cin tuwon gidansa. Ana mayar da kwanonsa a rufe. 'Ya'yan Zali sun rantse sai sun rama.

Na uku. Ga abin da na bincika, kada ku ƙara, kada ku rage. Na sa an ɗauko mini hoton sauran bindigogin biyu, na kai wa wani mai shagon kayan farauta a garin Ɗa'if. Ya nuna mini tsaga a kowacce, daidai wurin da ta Zali ta karye, har da ta Abdulganiyyu da kansa. Ya ce ga alama ba don irin waɗannan bindigogi aka ƙera gindin ba, ramukan ba su zo daidai ba, sai an matsa, robar kuma takan ci gaba da tsagewa a ɓoye da kowane harbi. Ya ce akwai masu kyau da ke shekaru ba su yi komai ba, akwai na jabu da ido ba ya rarrabewa. Ya kuma ce ba zai yi rantsuwa a kan hoto ba sai ya riƙe da hannunsa. Nima ba zan yi ba. Amma mutumin da ya shirya wa ɗan'uwansa tarko ba ya rataye irin tarkon a kafaɗarsa kullum. Abdulganiyyu ya yi ganganci, ya saya bai sani ba, ya ɗaura bai tambaya ba. Wannan laifi ne mai hukuncinsa. Ba kisan gilla ba ne.

Na faɗa wa mutanen gida a waya, suka kashe wayar. Shi ya sa zan je da ƙafata, in sa a cire sauran biyun kafin su ci wani, in kuma zauna tsakaninsu.

Na huɗu. Ba a taɓa raba gadon mahaifina ba, don haka ina da rabo a bindigar nan. Idan na mutu da shi, naku zai zama, kuma ba ni da ikon hana ku gado. Saboda haka na yafe rabona tun yanzu ina raye, a gaban Sidi Mukhtaru da limamin masallacinmu. Luqman, duk wanda ya miƙo maka ita wata rana ya ce haƙƙinka ne ka rama, ka ce masa ba ka da ko kusa ɗaya a jikinta.

Idan kuna son abin tunawa, gindin katakon yana nan. Gwaggonku Ɗaso ta tokare ƙofar ɗakinta da shi. A gefensa akwai wurin da kuncin kakanku Isiyaku ya goge har ya yi santsi. Shekaru ya yi yana harbi da shi bai taɓa motsi ba. Ku roƙe ta, ku kawo mata dutse ta tokare.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi. Idan ban isa ba, ko na isa ba a ji ni ba, aikin ya dawo kanku. Ranar da kuka fara taka ƙauyen, ku yi wa 'ya'yan Zali ta'aziyya, ku yi kuka tare da su, domin an cuce su. Daga nan ku wuce gidan Baffa Abdulganiyyu. Za a ce kada ku shiga. Ku ce babanku ne ya aiko ku. In an kawo tuwo, ku ce a ajiye a ƙofar gida inda kowa zai gani. Luqman, ka wanke hannu ka fara sawa a kwanon. Minnatullah, ki ci tare da matansa.

Allah ya raya ku, ya tsare ku daga ɗaukar abin da ba ku san ƙarfinsa ba. Salwa, ki yafe mini tafiyar nan. 'Ya'yana, gidanmu ya riga ya tsage a wuri ɗaya. Kada ku bari a sake harbi da shi.

Mahaifinku,
Nu'uman Isiyaku