Kifayenka da Na Yanke wa Kai

Zuwa ga Yayana Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in faɗa maka abin da na kasa faɗa wa kowa a gida. Na lalata aikinka na shekara da shekaru, Yaya, kuma da hannuna na yi.

Ka tuna dariyar da aka yi maka a Daura ranar da ka ce halittun teku za ka karanta. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gidanmu ba! Ka tafi Kudu abinka, ka zama malamin jami'a, amma har ka rasu 'yan unguwa Mai Kifi suke ce maka.

Koyarwarka ma ta daban ce. Ba ka yarda ɗalibi ya kira sunan halitta sai ya zauna ya ƙura mata ido ya zana ta. Da na fara koyarwa a makarantar 'yan mata, abin da ka ce mini ke nan: "Binta, bar su su gani tukuna, suna ba ya gudu." Ka ce launin kifi yana dusashewa da zarar an fito da shi daga ruwa, shi ya sa kake shiga kwalekwale da fenti da takarda, kana zanawa kafin ya ɓace.

Bayan sadakar arba'in aka kawo akwatinka, cike da littattafan zanen nan. Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, kowa na gyara gidansa, har hotunan bango ana saukewa. Baffa ya zo daga Sandamu, ya buɗe littattafan, sannan ya ce wa Inna duk wanda ya zana mai rai za a ce ya busa masa rai ranar Lahira. Ba da mugunta ya faɗa ba, tsoro yake ji maka. Inna ta daina cin abinci, ta ce a ƙone su duka.

Sai ni sarkin dabara na tuna wa Baffa cewa malamai sun ce in an cire wa hoto kai, ya fita daga hukuncin. Ya yarda. Na sayo reza, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kwana uku ina yanka shafi bayan shafi, har ina murna wai na ceci aikin Yayana. Kawunan kuwa Inna ta tattara ta zuba a murhu.

Bara wata ɗalibarka ta zo tun daga bakin teku, tana so ta haɗa zanenka a buga littafi da sunanka. Ta buɗe na farko, ta buɗe na biyu, ta ajiye. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. A hankali ta bayyana mini cewa duk bincikenka a kan kawunan kifayen yake: ɗigon gefen ido, da layin kumatu mai sauya launi in kifi ya tsorata ko yana neman mace. Jikin kifin kuwa, kowane mai bincike yana da zanensa. Kuma ba ka bar kwafi a ko'ina ba.

Abin da ke cina, ka rubuta bayani a ƙasan kowane zane, kana nuna cewa kan kifin ne abin lura. Ina jin Turanci, kimiyya nake koyarwa, amma ko layi ɗaya ban tsaya na karanta ba.

Na gwada gyarawa. Na sayi fenti, na zauna in tuno ko kai ɗaya ne. Wallahi ban san ko rawaya ne ko ruwan goro ba. Rezar nake kallo a lokacin, kada in yanke yatsa.

Inna ba ta sani ba, kuma ba zan faɗa mata ba. Ta murmure, tana cin abincinta. Kullum in ta idar da salla sai ta sa mini albarka, tana cewa ni na sauke maka nauyi a kabari. Ni kuma in ce amin.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ka yafe mini, Yaya, ni dai na kasa.

Ƙanwarka,
Binta