Karan Alkamar da Na Sace Miki

Zuwa ga Rauda, sanyin idona, ruwan farko da ake sako wa kanal bayan gonaki sun gaji da jira, koren shinkafata a tsakiyar rani.

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Baba da Inna, da ɗalibanki baki ɗaya, har da wanda zan ambata nan gaba.

Kafin ki ci gaba, ki kwance dogon ƙunshin da Khadijat ƙanwata ta kawo miki tare da wannan takarda. Karan alkama ne guda biyu. Gajeren kin san shi, domin tun jiya Talata kike nemansa. Ba iska ce ta ɗauke shi ba, ba kuma 'yan aji uku ba ne, waɗanda na ji an tsare ana tuhuma. Ni na sace shi. Shekara goma sha ɗaya ina aikin jarida, ina fallasa masu karkatar da taki da masu toshe ruwa don gonarsu kaɗai ta sha. Yau ga ni ina ba da rahoton kaina.

Kin tuna zuwana na farko? Rigimar rabon ruwa ce ta kawo ni Kura. Ina tsaye bakin kanal da na'urar ɗaukar murya, sai wani sauti ya tsallako katangar makarantarku, ɗigo-ɗigo, tsaf, kamar raɓa tana sauka daga ganyen albasa. Manomin da nake hira da shi ya ce ai malamar fiyano ce, wannan abin kiɗan na Turawa mai maɓallai. Ban san abin da ya faɗa bayan haka ba, sai da na saurari faifan a ofis.

Da na roƙi ki koya mini, kin kafa sharaɗi uku: ƙofa a buɗe, Gwaggo Uwa mai kula da makaranta tana zaune a bakinta da faifan tsintar shinkafarta, sannan hannu ba zai taɓa hannu ba. Yara kan ci sa'a. Kina kama yatsunsu ki lanƙwasa, ki ce su ɗauka tumatir nunanne suke riƙe da shi, kada su matse, kada su sake. Ni kuwa sai kika zaro karan alkama daga tsakiyar littafin darasi, kika ce daga gonar Baba ta Bunkure kika tsinko shi. Da shi na koyi duk abin da na sani. In ya taɓa ƙasan wuyan hannuna, ɗaga ke nan. In ya ƙwanƙwasa gaɓar yatsa, lanƙwasa. In ya kwanta a bayan hannuna bai motsa ba, to ina gaggawa. Rannan da na daki maɓallan kamar ina bin sa'ar labarai, kin ce, "Malam Taufiq, fiyano ne wannan, ba kwamfutar ofishinku ba." Gwaggo ta yi dariya har shinkafa ta zube.

Wata bakwai, ya hasken raina, wannan siririn kara shi ne iyakar abin da ya taɓa zuwa daga hannunki zuwa nawa. Kin san nauyinsa a wurina? Na karanta abin da mawaƙa da yawa suka rubuta kan gashi da ido da murmushi, ban ga wanda ya san abin da busasshen kara yake yi wa mutum ba. Inda ya taɓa, nakan ji wurin har in isa Kano, kamar ƙasar da ruwa ya bi ya bar mata danshi.

Jiya hirar da na je yi a Garun Mallam ta ƙare da wuri, na iso kafin lokacina. Zan faɗi abin da na gani kawai, ba ƙari, yadda aka horar da ni. Ƙofa a buɗe take. Gwaggo tana wurinta. Hambali malamin gona yana kan benci, yana kaɗa ɓangaren ƙasa na waƙar masu dashe, wadda kika tsara da kanki domin hannu huɗu, wato mutum biyu a fiyano ɗaya. Ya yi kuskure ɗaya tak. Kika ɗaga karan, karana, kika taɓa wuyan hannunsa. Ya gyara. Kika gyaɗa kai.

Ba ki yi laifi ba. Na juya lamarin ta kowace fuska, kamar labarin da nake tsoron a kai ni ƙara a kansa, ban samo miki laifi ko ɗaya ba. Amma me ya sa ban taɓa tambayar kaina ko kara ɗaya ne gare ki ba? Wane irin ɗan jarida ne zai yi wata bakwai bai yi wannan tambaya ba? Kuma wannan gyaɗa kan, Rauda! Ni sai na yi mako uku a shafi ɗaya kafin in same shi.

Zan yi wa mutumin adalci. Yatsunsa dogaye ne, suna cin maɓalli tara ba wahala. Nawa da ƙyar suke kai takwas. Ya zo bayana da wata uku, ya gama littafin farko, ya shiga ƙananan kiɗe-kiɗen Turawan da kike cewa su ke gyara hannun hagu, ni kuwa ina shafi na ashirin da shida, hannun haguna yana bin na dama a baya kamar saniyar da ta ƙi shiga garke. Ga shi mutumin kirki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ya fito har ya ba ni shawara in riƙa ƙirga bugun da ƙafa. Na yi masa godiya. Allah ya yafe mini irin godiyar.

Na kuma ga takardar da kika manna a bango, ta bikin rufe zango. A gaban waƙar masu dashe an rubuta sunanki a ɓangaren sama, ɓangaren ƙasa kuma babu suna. Benci ɗaya ne, Rauda. Na auna shi da ido: in mutum biyu suka zauna, abin da zai rage tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. Gaban iyayen yara, gaban Baba, gaban duk mai ido a Kura. Da na gama darasina kika fita sallamar wata uwa, sai na zare karan daga littafin na sa a aljihu. Na shiga mota ina jin kamar na ci yaƙi.

Sai da muka hau gadar Tamburawa hankalina ya dawo. Gobe Alhamis Hambali yana da darasi. Zai yi kuskure, ko da ɗaya ne. Za ki miƙa hannu cikin littafi ki tarar babu kara. To da me za ki gyara masa? Na san ki, na san ba za ki taɓa shi ba. Amma sanin bai amfane ni da komai ba. Mai kishi ya cire katangar da ke tsare masa gona da hannunsa, yana murna.

Shi ya sa yau da hantsi na tafi Bunkure, inda ake girbi. Na zazzage dami uku, masu gonar suna kallona suna tambaya ko wani sabon ciwon alkama ne ya ɓullo. Dogon karan da kike gani shi ne mafi tsawo a gonar, kamu biyu cif. Na Hambali ne. Ki gyara masa da shi daga inda kika ga dama, ko daga bakin taga ne. Gajeren kuma ina roƙo ki bar mini shi ni kaɗai.

Roƙona na biyu ya fi nauyi. Saura mako huɗu bikin. Kada ki rubuta suna a wancan gurbi sai bayan mako uku. Na zana maɓallan a kan kwali, na shimfiɗa a teburin ofis ina gwaji a kai, abokan aiki sun riga sun sa mini suna. In ranar ta zo hannun haguna bai kai ba, ki rubuta Hambali, domin waƙarki ta fi kishina daraja, kuma matan da suka rera ta cikin taɓo sun cancanci a kaɗa ta daidai. Zan zauna a layin gaba in tafa. Ba zan ce zan ji daɗi ba. Ban saba buga ƙarya ba.

Amma ki sani, baffana Jaji ya sa ranar zuwa wurin Baba neman aurenki, Juma'ar bayan bikin. In Allah ya yarda kuma kin yarda, akwai ranar da za ki kama yatsun nan nawa gajeru ki lanƙwasa su da hannunki, yadda kike yi wa 'yan aji uku. Ran nan zan karɓi karana in ajiye shi cikin littafi, a shafi na ashirin da shida. Dogon kuwa ya ci gaba da aiki har Hambali ya tsufa.

Ki ba yaran haƙuri, ki ce an kama ɓarawon, ya kuma amsa laifinsa.

Naki, da hannun dama da na hagun da ke tafe a baya, yau da gobe da duk abin da Allah ya rage mini,

Taufiq