An Ɗauki Muryar Sule Maimakon Tawa

Daren Laraba, tara ga Sha'aban, Lakwaya

Barci ya ƙi zuwa. Shekara da shekaru ɗaliban kwaleji suna cika mota su zo zaurena jin tarihin ƙasar nan. Bana malaminsu Habu ya ce babu kuɗin mai. Wai a ɗauki maganata a waya sau ɗaya, a ɗora a intanet, kowane aji ya riƙa kallo.

"Baba, minti goma kacal," in ji shi.

Na ce a minti goma ko sunayen dattawan da na ji labarin daga bakinsu ban gama ba, kuma ba na tsallake su. Sai ya wuce Dugabau wajen Sule mai goro.

Yau aka nuna mini abin da suka ɗauka a waya. Sule ya sha rigar aro, ana ce masa masanin tarihi, har yana cewa kakansa ne ya haƙa rijiyar fatake. Kakan da ya zo da jakinsa ya tarar da ita!

Ni in na yi kuskure nakan gyara baɗi. Wannan kuwa za a yi ta maimaita shi bayan an binne mu duka.

Gobe da hantsi zan leƙa gidan Habu. In ya tambaya, hanya ce ta biyo da ni.