Motar da ta tashi da kanta

Auta,

Na tafi aiki, ban tashe ka ba. Da asuba na ji sabuwar motar nan ta tashi da kanta, daidai lokacin da marigayi babanku yake ɗumama tasa. Wallahi har na ɗora masa ruwan shayi kafin na tuna.

Na san za ka ce jiya ne na manta ban kashe ta ba, tunda shiru take a kan batir, sai caji ya yi ƙasa injin fetur ya kama. Na ji.

Ka je wurin dillalin ka biya ƙarin garantin da na ce ɓarnar kuɗi ne, mafi tsawon. Amma kada ka ba su labarin nan. Kada su gyara.

Mama