Hutun Sarkin Gobe

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara?

Hutun nan ba zan zo ba. Na ƙudura sai na gama bincikena kafin a koma: safe ɗakin karatu, yamma wanke-wanke a gidan abinci.

Abokin ɗakina kuwa, ranar farko ya bugi ƙirji wai kullum zai fita gudu da asuba. Ƙaton banza! Yana nan baje a katifa yana latsa waya. Na ce, "Malam, ina gudun?" Ya ce, "Gobe." Takalmin ma bai fita daga kwali ba, amma shi ke min dariya wai na zama boyi.

Sabulu ya ɗan ci min hannu, ba komai. Kada Inna ta ji, ki dai ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninki