Ka Sake Takardar Goggo

Ɗana Bashiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maryamu da yara. Ya aiki, ya ruwan Duwala? Mu nan Garwa sai godiya.

Takardarka ta iso wa Goggonka Asabe. Tun da ta daina gani, matan da ta shekara arba'in tana koya wa karatu ne ke karanta mata. Ranar Talata Dudu mai ƙosai ta karɓa, ta yi ta tuntuɓe, har ta ce, “Malama, ko karatun ya gudu mini ne?”

Goggo ta sa ta faɗo haruffan ɗaya-ɗaya. Ashe “sannou” ka rubuta, da “kouana”, kamar kana lekol, makarantar Faransanci. Ta ce, “Ba ke ba ce, Dudu. Ɗan nan ne ya manta.”

Ban ji daɗi ba, Bashiru. Matar da ta fara riƙe fensir tana da jikoki, ka sa ta shakkar kanta a gaban malamarta. Ga takardarka na mayar. Zauna ka sake ta da Hausar da Goggo ta koya maka. Dudu ce za ta karanta.

Ka sa Goggo a addu'a, ka gaida Maryamu.

Mahaifiyarka,
Hajara